Kiɗan Bayan Bango

"Shago a rufe yake, Hajiya. Halas, mun daina karɓar gyara."

Bai ko ɗago kai ba ya faɗi haka. Yana tsugune a tsakanin kwalaye yana naɗe wata doguwar waya, furfura ta ci gefen kansa duka biyu. Rabi'atu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙanƙame jakarta da hannu bibbiyu. Tun daga unguwar Safa har Bagdadiyya take tsara abin da za ta ce a cikin tasi, tana ganin ƙeyarsa komai ya watse ya bar ta.

"Ba gyara na kawo ba, Abu Maha."

Hannunsa ya tsaya cak. Ya juyo a hankali.

"Rabi'a...?"

"Ni ce."

"Yau kuma ni ne Abu Maha a bakinki?"

"To me zan ce? Kai uban 'ya ne yanzu."

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwar wandonsa. Abdulghani ke nan, ɗan gidan Maiturare, wanda bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na mahaifiyarta Hajiya Kulu a unguwar Karantina tun suna yara. Rabonta da shi ido da ido ya haura shekara ashirin. Labarinsa dai tana tsinta a bakin mata wurin biki ko gaisuwar mutuwa: ya yi aure, an haifi Maha, matar ta rasu, yanzu lasifikar masallatai yake gyarawa da rediyon mota. Duk sanda aka ambace shi sai ta miƙe ta ce bari ta duba shayi.

"Ina za ka da kaya haka?" ta tambaya, don dai ta samu abin faɗa.

"Damagaram."

"Ziyara?"

Ya yi 'yar dariya marar daɗi.

"Khuruj niha'i, ya Rabi'a. Fitar da babu dawowa. Kafilina, wanda nake zaune a ƙasar nan da sunansa, ya rasu, 'ya'yansa ba sa son shagon, iƙamata, takardar zamana, ta mutu, kuma ba mai ɗaukar mutum a irin shekaruna. Maha ma na tura ta gaba, tana wurin ƙanwata."

"Ka taɓa zuwa can?"

"A fasfo na san garin. An ce kakana ya bar kango."

"Yaushe za ka tafi?"

"Ƙarshen watan nan."

Ita da ta zo roƙo, sai ga shi ta tarar da bankwana. Ungozoma ɗaya ce ta yanke musu cibiya a lungu ɗaya, amma ita mahaifinta ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun kafin a haife ta, shi kuwa har ya yi furfura baƙo ne a garin da bai san wani ba.

"Me ya kawo ki?" ya ce.

"Kiɗanka na zo nema... na da."

"Ke?"

"Ummi."

Ya haɗe rai.

"Khala Kulu? Rabi'a, in wasa kika zo yi da ni ki tausaya mini, yau ba ni da ƙarfinsa."

"Wallahi ba wasa ba ne."

"Matar da ta tsaya a ƙofar gidanmu ta ce wa mahaifina ɗansa ya tara aljanu a ɗaki? Matar da ta mayar da kayan gaisuwa ko buɗewa ba ta yi ba? Ita ke son kiɗana?"

"Kar ka ɗaga murya a kan uwata."

"Ban ɗaga ba. Ai ban taɓa ɗagawa ba, ko a lokacin da ya kamata."

Maganar gaskiya, yana da hujjar jin zafi. Abin da ya raba su ko faɗa bai kai ba. Kalma ɗaya ce, kuma a bakin wasa ta fito.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin Abdulghani yana dako a tashar jiragen ruwa, wani matuƙi ya ba shi kaset. Kiɗa ne da babu waƙa a cikinsa, sai ganga mai duka ɗaya wadda ba ta gajiya, da wani siririn sauti da ke hawa yana sauka a kanta. Tirans ake ce masa. Saurayi ya ji, ya haukace a kai. Ya farke tsohuwar kabad ɗin uwarsa ya haɗa sifika da hannunsa, ya jingina ta da bango, bangon kuwa na Hajiya Kulu ne. Kullum bayan la'asar kwanonin samira da ke jere a ɗakinta sai su kama kaɗawa.

Da farko mita kawai take yi. Ta kai wa bangon duka biyu da muciya, shi kuma ya rage, an jima ya sake ƙarawa a sace. Har ƙosai takan aika masa. Sai da aka fara maganar aure ta tambayi Othman, yayan Rabi'atu, wanda a lokacin yake ji da Turancin da ya kwaso a jami'a, wai shin mene ne ma'anar sunan abin nan. Othman yana cin shinkafa, yana dariya, ya ce, "Tirans? Ai fita hayyaci ke nan, Ummi. Hawan iska, ya'ni... bori."

Ya ci gaba da loma abinsa, bai san ya rushe auren ƙanwarsa ba. Mahaifiyar Hajiya Kulu 'yar bori ce ta gaske a ƙasar Gobir. Da ƙafa ta zo ta tuba a gaban Ka'aba, kuma kafin ta cika sai da ta sa 'yarta ta rantse cewa gangar iska ba za ta sake shiga zuriyarsu ba. An yi bayani, an kawo malami, Othman ya dawo yana rantsuwa cewa tsokana ce. Hajiya ta ce ai ta daɗe tana jin abin a jikinta, sunan ne kawai ta rasa. Ta ce wa Rabi'atu ta zaɓa. Ita kuwa shekarunta goma sha tara, ita kaɗai ce 'ya mace, kuma ko takabar mahaifinsu ba a daɗe da fita ba. Ta zaɓi uwarta. Manema sun zo bayan haka, ta yi ta sallamar su da fara'a har suka gaji suka daina zuwa.

Yanzu ta samu wani kwali ta zauna a kai.

"Tun hadad, rusau ɗin nan, Ummi ba ta dawo daidai ba," ta ce. "Ranar da aka rushe unguwarmu, a kan idonta katafila ta ci ɗakinta. Yaya Othman ya kama mana gida a Safa, hawa na uku, ga sanyi ga komai. Ita kuwa kullum tana bakin ƙofa da ƙullin kayanta, wai a mai da ita gida. Ba ta san ni ba, Ghani. Baiwar Allah take ce mini. In na kai mata abinci sai ta ce ba ta cin abincin gidan mutane, za ta jira sai ta koma nata. Da dabara da roƙo nake samu ta haɗiyi cokali biyu. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai dai a sa mata roba ta hanci..."

Ta ga alamar ya ji tsohon sunan nan, Ghani, da ya suɓuce mata.

"Makon jiya da yamma wani ya ajiye mota a ƙasan gidan ya ƙure kiɗa, irin mai dukan ƙirji, har gilashin taga yana rawa. Sai na ga Ummi ta ajiye ƙullin. Ta zauna. Ta ce, 'Ɗan Maiturare ya fara fitinarsa.' Ta miƙa hannu da kanta ta sha kunu rabin kofi. Motar na tafiya ta koma bakin ƙofa."

"Ba ki kunna mata a waya ba?"

"Na kunna, iri-iri. Ta ce in ɗauke mata ƙarar nan."

"Dole ta ce haka. Ai ita ba ta taɓa jin kiɗan ba, bango ta sani. Abin da ya ratso bulo ya zo ya kaɗa kwano, shi ne nata." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Kwanonin suna nan?"

"Su na fara ɗaukowa ranar."

Ya shiga can ƙuryar shagon ya yaye wani tsohon bargo. Sifikar tana nan, baƙa, ƙatuwa, har da hannun kabad ɗin da bai taɓa cirewa ba. A kanta akwai gwangwanin biskit cike da faifai.

"Gobe mai sayen tarkace zai zo ya ɗauke ta," ya ce. Ya zaro faifai ɗaya yana jujjuya shi. "Kin san yanzu an buɗe komai? Bara Thamer, abokin nan nawa mai mota Kiresida, ya ja ni wata babbar hafla, taron kiɗa irin namu. Filin ya fi Karantina faɗi, wuta kala-kala, masu tsaro ma su ke nuna maka ƙofa. Na tsaya a tsakiyar dubban mutane, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar mai ɗaukarsa. Ban jima ba na fito. Abin da muka yi ta ɓoyewa, yau a allon titi ake tallarsa, kuma wallahi ko gishiri babu."

"Tsufa ne ya kama ka."

"Wataƙila. Amma ke ma kin gani da idonki a Obhur."

Ta sunkuyar da kai. Sau ɗaya ta je a duk rayuwarta. Ta ce wa Ummi bikin ƙawa za ta, 'yar kawunta ta rufa mata asiri. A lokacin ba a sanar da irin wannan taro. Lamba ake turawa ta baijar, ɗan abin nan da ake maƙalawa a ƙugu kafin zuwan wayar hannu, wanda ya gane ya gane. Gida ne a bakin teku mai doguwar katanga, an toshe tagogi da katifu don kada sauti ya fita. Ga 'yan Sudan, ga 'yan Filifin masu aikin asibiti, ga 'ya'yan manya da suka bar motocinsu can nesa, ga 'yan Karantina da silifas. Ba wanda ya tambayi wani ɗan gidan wa ne, ba wanda ya ce ina iƙamarka. Ita dai lungu ta samu ta maƙale da abayarta, tsoro kamar ya kashe ta. Shi kuma Abdulghani yana tsaye bayan teburin kayan kiɗa, ya rufe kunne ɗaya, siriri, sai wuya.

Abin da ya ƙi barin ta shi ne gab da fitowar rana. Ya ɗauke gangar gaba ɗaya, ya bar siririn sautin nan yana hawa shi kaɗai. Mutane suka ɗaga hannuwa suka yi tsit, har ana jin ruwa yana dukan katanga. A cikin wannan shirun ya ɗago ya nemo ta da ido a lungunta. Da gangar ta dawo sai ga Rabi'atu tana kuka tana dariya, ba ta san dalili ba. Ba ta sha komai ba, ba wanda ya taɓa ta. Farin ciki ne tsantsa, kuma irinsa bai sake zuwa mata ba.

"Ina sauran mutanen?" ta tambaya.

"Hamad mai janareto ya rasu. Ilham, wadda ta ba ki ruwa, an ce tana Kanada. 'Yan Sudan tuni aka watse. Gidan ma an mai da shi otal. Ni da Thamer muka rage, shi ma gwiwa ta hana shi tsayuwa." Ya mayar da faifan cikin gwangwanin. "Zan zo in haɗa mata. Amma Rabi'a... ki biyo ni."

"Ghani..."

"Ki saurare ni, ya galbi. Ba ni da komai a can sai kango da yarinya marainiya. Amma a can ba sai mun yi shekara muna neman izinin hukuma ba kafin a ɗaura mana aure. Na so ki ina saurayi, na yi aure ina son ki. Allah Ya jiƙan uwar Maha, ta sani, kuma ba ta taɓa goranta mini ba. Ke da bakinki kika ce Khala ba ta san ki ba. To don wa kike zaune?"

Ta miƙe tsaye.

"Alhamis bayan la'asar," ta ce, ta fice.

A cikin tasi ta yi kuka mai isarta. Ba don ya yi mata rashin kunya ba. Tambayar ce ta ƙona ta, domin ta sha yi wa kanta ita a gaban tukunya, ta yi istigfari ta kore ta.

Washegari ta kira Othman a Riyad, inda yake aiki. Ta ɗauka zai yi faɗa, sai ta ji muryarsa ta yi sanyi.

"Ki tafi, ya ukhti. Wallahi ki tafi."

"Ummi fa?"

"Zan dawo da ita nan. Ga ɗaki a gidana, zan samo mata nas ta gaske, mai kwana da ita. A wurinta duk ɗaya ne, Rabi'a. Ke da nas ɗin duk baiwar Allah ce."

"Yaya, kana ganin ba laifi?"

"Laifin me? Kin ba ta ƙuruciyarki duka. Yalla, ki ɗauki sauran ki yi wani abu da shi."

Ranar ta sauko da akwati daga saman kabad ta goge masa ƙura. Ta nemo Damagaram a waya ta yi ta kallon jan gini da faffaɗan titi. Ta tsaya a gaban madubi ta daɗe, abin da ta manta rabon da ta yi. Ta ji kunya, mace mai shekara arba'in da ɗoriya tana murmushi ita kaɗai, amma ta ji daɗi, kuma ba ta kori daɗin ba.

Alhamis bayan la'asar Abdulghani ya zo da motar Thamer. Shi da mai gadin gidan suka hau da sifikar da ƙyar, suna nishi a kowane hawa. Ya zaɓi ɗan ɗakin ajiya da ke manne da ɗakin Hajiya, ya kwashe buhun shinkafa da tsintsiyoyi, ya tura sifikar har sai da ta haɗe da bango. Rabi'atu ta jera kwanonin samira a kan kanta ta ɗaya gefen. Sannan ta je bakin ƙofa inda Hajiya Kulu ke zaune a ƙasa da ƙullinta, duk ta ƙare sai idanu.

"Hajiya, ki zo ki jira a ciki. Mota tana hanya."

"Allah Ya yi miki albarka, baiwar Allah. Kin ce musu Karantina ko?"

"Na faɗa musu."

Ta zaunar da ita a bakin gado, ta ajiye kunun gyaɗa da ƙosai a kan ɗan tebur, ta koma jikin ƙofa ta tsaya.

Sai Abdulghani ya kunna. Dum... dum... dum... Ba kiɗa ake ji ba sosai, bangon ne yake numfashi. Kwano na farko ya motsa, ya taɓa na kusa da shi, nan da nan duk jerin ya ɗauka.

Hajiya Kulu ta ɗago kai. Ta dubi bangon, ta dubi kwanonin. Yatsunta suka saki ƙullin ya gangara ƙasa. Ta lalubi gefen gado ta samo sandarta, ta kai wa bangon duka biyu.

A can ɗaya ɗakin sautin ya ragu.

"Ja'irin yaro," ta ce tana girgiza kai. Sannan ta juyo. "Ke kuma Rabi, tsayuwar me kike yi a kaina kamar an aiko ki? Miƙo mini kununa."

Tun ranar rusau Rabi'atu ba ta sake jin sunanta a wannan bakin ba.

"Ummi... kin gane ni?"

"Ji shashanci. Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ta sha kunun tas. Ta ci ƙosai, har tana cewa an cika masa albasa. Rabi'atu na durƙushe a gabanta, hawaye na zuba, tana dariya tana gogewa da bayan hannu. Hajiya ta kama haɓarta ta juya fuskar dama da hagu.

"Kin rame. Ba ya ba ki abinci ne?"

"Wa, Ummi?"

"Wa kuwa? Mijinki mana. Kira mini shi."

Rabi'atu ta fita ta yi masa alama da hannu. Ya shigo da sallama, ya cire hularsa ya sake mayarwa, ya tsuguna tun daga bakin ƙofa.

"Barka da yamma, Khala."

"Abdulghani. Kai har yanzu ba ka girma ba? Magidanci da kai kana ta buga wa aljanu ganga." Ta yi dariya, dariyarta ta da, mai fitar da wushirya. "Ai na faɗa wa uwarka, na ce ni dai na ba shi. Yaron kirki ne, kiɗan ne kawai ba kai ba gindi. Na ce in ya yi yawa na buga bango."

Rabi'atu ta dafe ƙofa. Ashe a can cikin kan tsohuwar nan an daɗe da gyara komai. An karɓi kayan gaisuwa, an ɗaura aure, an kai amarya gidan da ke bayan bango, su kaɗai ne ba a gaya wa ba. Ta ji wani irin ɗaci, ga tausayi a haɗe da shi, ba ta san wanda za ta fara haɗiyewa ba.

"Ina yaran?" Hajiya ta ce. "Kun bar mini su a gida?"

Abdulghani bai dubi Rabi'atu ba.

"Suna makarantar allo, Khala."

"Ka kawo mini su ranar Juma'a."

"In sha Allah."

"Ka riƙe mini ita da kyau, ita kaɗai gare ni mace. Kuma kada ka kai mini ita nesa, ka ji ko? Nan bayan bango ya isa. In na buga ta ji ni."

Ya sunkuyar da kai.

"Na ji, Khala."

A kan matakala suka tsaya, shi yana ƙasa da ita da taki biyu. Ta cikin gidan bangon yana ta bugawa.

"Kin ji ta," ya ce.

"Na ji."

"Da na bar mai tarkace ya ɗauke abata..." Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. "Astagfirullah. A'a. Ko yanzu aka ce in sake, zan haɗa."

"Ta san ni, Ghani. Ta kira sunana. In aka kai ta Riyad ta buga bango, wa zai amsa? Wa za ta ce wa Rabi?"

"Na sani."

"Har akwati na sauko da shi, wallahi. Ina so ka san wannan. Na sauko da shi..."

"Na yarda, habibti. Kar ki yi kuka a nan, maƙwabta za su fito." Shi ma idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Ki saurara. Maɓallin hagu shi ne na ƙarfi, kar ki wuce inda na sa alama, sifikar ta tsufa. In ta buga sau biyu ki rage, ki ɗan jima ki ƙara a hankali, haka ta saba. Kar ki sa mata na zamani, sun cika gaggawa. Na cikin gwangwanin sun ishe ki."

"Ba za ka tafi da ko ɗaya ba?"

"Wa zan kunna wa a can?" Ya ja numfashi. "Zan jira ki, Rabi'a. Ko shekara nawa ne."

"A'a."

"Rabi'a..."

"Kar ka jira ni, don Allah. In na san kana jira, kullum na shiga ɗakin nan da safe zan riƙa duba ko tana numfashi, kuma ban san abin da zuciyata za ta so in gani ba. Ba zan iya zama da wannan ba. Ka samo wa Maha uwa. Ka gina kangon nan."

Ya miƙo hannu kamar zai taɓa bakin mayafinta, sai ya mayar da shi aljihu.

"Fi amanillah, ya galbi."

"Allah Ya kiyaye hanya."

Ta tsaya tana jin takunsa yana sauka har ƙofar ƙasa ta rufe. Sannan ta koma ciki ta mayar da akwatin saman kabad.

Ranar da jirginsa ya tashi ba ta je rakiya ba. Ta yi wa Hajiya wanka, ta tsefe mata kai, ta dafa shinkafa da miyar kifi. Hajiya ta fara cikowa, kumatunta sun ɗan dawo, likita ma ya daina maganar roba. Da safe takan rikice ta nemi ƙullinta, amma da zarar bango ya fara sai ta dawo gida.

Bayan la'asar Rabi'atu ta shiga ɗakin ajiya ta kunna. Ta dawo ta zauna suka ci abinci tare. Hajiya ta buga bango, ta tashi da sauri ta je ta rage, ta dawo.

"Rabi."

"Na'am, Ummi."

"Ke wace irin mata ce? Kin zauna kin cika cikinki, mijinki yana can tun safe ko ruwa ban ga kin kai masa ba. Zuba masa. Ki sa masa kan kifin, yana so."

Rabi'atu ta ɗauko faranti ta zuba, ta ɗora kan kifin a sama, ta rufe da wani farantin. Ta shiga ɗakin ajiyar ta tura ƙofa. Ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da sifikar, tana jin dukan yana ratsa ƙashinta. A nan ta saki kukan da take riƙe da shi tun safe, don ta san ba zai wuce bangon ba. Da ya ɗan lafa ta buɗe farantin. A ƙoshe take, amma ta san halin Ummi, sai ta duba. Ta dinga tura lomar tana haɗiyewa da hawaye, har ta tsotse ƙashin kan kifin ta tara a gefe.

Ta wanke fuska, ta dawo da farantin a hannu. Hajiya ta leƙa ciki.

"Ya cinye?"

"Ya cinye, Ummi. Ya ce a yi miki godiya."